"Gobe Ma Ya Ƙara": Tafin da Muke Yi Idan An Kama Mai Rubutu a Waya

Ranar Asabar ina zaune a shagon mai gyaran waya ina jira a sauya mini gilashi, sai wani yaro ya shigo yana nuna wa mutane bidiyo. Wani matashi ne a tsugune, idanunsa sun yi jajir, yana ba wani babban ɗan siyasa haƙuri a kan abin da ya rubuta a Facebook. Murya na rawa yake cewa sharrin shaiɗan ne, shi ɗa ne a wurin mai girma, a dubi girman Allah a yafe masa. Daga gefen hoton kana hango takalmin wanda ke tsaye a kansa.

Shago ya kaure da dariya. Mai gyaran waya ya ce, "Gobe ma ya ƙara." Wani dattijo da ya kawo gyaran caja ya dube ni ya ce, "Ai Malam, yaran nan sai da haka, ba su da ta-ido." Babu wanda ya tambayi me yaron ya rubuta. Tambaya ɗaya aka yi: ɗan wane ɓangare ne? Da aka ji amsa, wasu suka ƙara ƙyalƙyalewa, wasu kuma suka haɗe rai suka shiga Allah ya isa.

Ni ba na goyon bayan zagi. Na tsani in buɗe waya in ga yaro ɗan shekara ashirin yana zagin sa'an kakansa ta uwa ta uba. Amma ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: ba aikin ɗan sanda ba ne ya je ya ɗauko mutum daga gidansu don ya ɓata wa mai mulki rai. Kuma tafin nan da muke yi idan kamun ya faɗa kan ɗan ɗaya ɓangaren, shi ne ke ƙara wa masu kamun ƙwarin gwiwa.

Su wa ake kamawa

A watan Nuwamban 2022 aka ɗauke wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse daga Jigawa aka kai shi Abuja, a kan wata jimla guda ta Hausa da ya rubuta a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Aisha Buhari. An gurfanar da shi, an tura shi gidan yarin Suleja. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi, ƙungiyar ɗalibai ta yi barazanar zanga-zanga, sannan aka janye ƙarar a farkon Disamba.

A watan Nuwamban 2022 ɗin dai, wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok hukuncin bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje.

A watan Satumban 2023 kuma wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani da ta saya ya cika zaƙi. Magana ta yi tsami tsakaninta da masu kare kamfanin a wurin sharhi, ƙarshe 'yan sanda suka kama ta, aka sa ta a jirgi zuwa Abuja. Tumatirin miya fa.

Duba waɗannan mutane da kyau. Ɗalibi, masu barkwanci, matar aure. Sannan ka duba waɗanda suka kai ƙorafin. Kullum kamun daga sama yake gangarowa ƙasa. Yaushe rabon da ka ji an tura mota cike da jami'ai daga wata jiha zuwa wata don an zagi mai sayar da rake? Ana zagin talaka a intanet dare da rana, ana yaɗa hotunan 'yan mata ana ƙaga musu abin da zai hana su aure, kuma idan ubansu ya je caji ofis abin da zai fara ji shi ne babu mai a mota.

Dokar da ake rataya mutane da ita

A taƙaice, makamai biyu ne. Na farko sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015. Yadda aka rubuta shi da fari, ya haramta tura saƙon ƙarya da nufin ɓata wa wani rai, ko cin mutuncinsa, ko jefa shi cikin damuwar da ba ta da dalili, hukunci kuma ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 7. Wace magana ce ta adawa da ba ta ɓata wa mai mulki rai? Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020, ta sake yankewa a 2022, cewa wannan sashe ya ci karo da 'yancin faɗin albarkacin baki. A watan Fabrairun 2024 aka yi masa gyara, aka taƙaita shi ga batsa da kuma ƙaryar da aka yi da nufin tayar da hargitsi ko jefa rayuwa cikin haɗari. Gyaran ya yi kyau a takarda. Kamun bai tsaya ba, domin yanzu duk rubutun da bai yi wa babba daɗi ba sai a ce zai iya tayar da hargitsi.

Na biyu tsohuwar dokar Penal Code da jihohin Arewa suka gada tun 1960, wadda ta mayar da ɓata suna laifin da ake ɗaure mutum a kai, ga kuma tuhumar tunzura jama'a da ake liƙa wa kusan kowa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, mai ƙorafin sau da yawa ba ya ma buƙatar ya ci shari'ar. Tsarin mulki a sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. To sai a ɗauke mutum ranar Juma'a da yamma. Asabar da Lahadi yana bayan kanta. Litinin a kai shi kotu, a karanta tuhuma, mai gabatar da ƙara ya ce bincike bai kammala ba, a ɗage zuwa mako biyu ko uku, a tura shi gidan gyaran hali. In an zo beli a ce sai ya kawo babban ma'aikacin gwamnati mai takardar fili a cikin gari. Ina ɗan mai faci zai samo shi? Kafin nan uwarsa ta sayar da akuyarta, ubansa ya zaga gidajen masu faɗa a ji yana cire hula, an ƙwace wayar, jarrabawa ta wuce shi. Sai a kira shi a ɗauki bidiyon ban haƙuri, a ce mai girma ya yafe saboda shi uba ne. A fito ana yabon mai girma da tausayi. Hukuncin kuwa an riga an gama yi masa, ba tare da alƙali ya taɓa cewa ya yi laifi ba.

"To a zuba musu ido su yi ta zagin manya?"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a wurinmu, kuma ba na raina ta. Tarbiyyarmu ba ta yarda yaro ya ɗaga ido ya dubi babba ba, balle ya zage shi. Addini ya hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi da yi da mutum, duk suna nan a Suratul Hujurat. Ƙazafi kuwa haddinsa bulala tamanin.

Amma a duba yadda addinin ya tsara abin. Akwai mai ƙara, akwai wanda ake ƙara, akwai alƙali, akwai hujja, kuma sarki da talaka a tabarma ɗaya suke zama. Babu inda aka ce wanda aka zaga shi zai aika dogarai, shi zai tsare, shi zai yafe ranar da ya ga dama. Sannan a Suratun Nisa'i, inda aka ce Allah ba Ya son bayyana mummunar magana, nan take aka togace wanda aka zalunta. Matar da 'yan bindiga suka kore ta daga ƙauyensu, ta ɗauki waya tana kuka tana kiran sunan gwamna, ba za ka ce sai ta tsara kalamanta kamar mai karanta labarai ba.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin abin da ake kama mutane a kai ba ashar ba ne. Tambaya ce: ina kuɗin hanyar nan da aka ce an fitar? Me ya sa asibitinmu babu likita? Wane ne ya ci kwangilar rijiyar burtsatsen da ba ta taɓa kawo ruwa ba? Idan aka haɗa mai irin wannan tambaya da mai zagin iyaye aka zuba a buhu ɗaya aka kira su marasa tarbiyya, ɓarawon gwamnati ne ya ci riba.

Rashin kunya kuwa yana da magunguna da muka sani tun kafin a ƙirƙiro waya. Yaro yana da uba, yana da kawu, yana da malamin da ya koya masa alif, yana da mai unguwa. Su ne za su zaunar da shi. Idan gida ya kasa, kurkuku ba za ta gyara shi ba, sai dai ya fito da sababbin abokai da ƙullin da zai daɗe a zuciyarsa.

"Shugaba ai uba ne"

Uba ba ya zuwa ƙofar gidanka da fosta yana roƙon ƙuri'a. Wanda ya hau mota ya zaga ƙananan hukumomi yana cewa ku zaɓe ni zan yi muku kaza, ya karɓi amanar baitulmali, ana biyansa albashi da kuɗin jama'a, to ya yarda a tambaye shi, har da tambayar da ba ta da daɗin ji. Girmansa na shekaru yana nan, a ba shi. Amma kujerar ta jama'a ce.

Wani abin da ke ba ni mamaki, kowane ɗan siyasar Arewa yana son a jingina shi da Malam Aminu Kano. Ana sa hotonsa a fosta, ana rantsuwa da aƙidarsa. An manta cewa 'yan NEPU, tun daga kafa ta a 1950, abin da suka fi sha a hannun 'yan doka da kotunan En'e shi ne ɗauri da bulala a kan magana: an ce sun ci mutuncin sarki, ko sun yi taro ba izini. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba saboda bakinta. A wancan zamani ma akwai masu zama a majalisa suna cewa maganinsu ke nan, ba su da kunya. Yau sunan su Gambo ake sa wa asibitoci da makarantu.

"Ƙarya a intanet tana kashe mutane"

Tana kashewa, babu musu. A rikicin jihar Filato na watan Yunin 2018 an yi ta yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook waɗanda ba ma a can aka ɗauke su ba, kuma 'yan sandan jihar da kansu sun ce hakan ya ƙara rura wutar, har aka tare matafiya a hanya aka hallaka su. Wanda ya ƙirƙiri irin wannan, ko ya fito ya ce a je a ƙone gidan wane, ko ya sa hoton mutum da adireshinsa ya ce a gama da shi, ni ne na farko da zan ce a kama shi a gurfanar. Tsarin mulkin da ya ba da 'yancin magana a sashe na 39 shi ne ya yarda a taƙaita shi a sashe na 45 don kare zaman lafiya da haƙƙin wasu.

To amma ina ƙarfin hukuma yake tafiya? Jami'an da za su iya bin diddigin lambar waya daga Abuja har ɗakin kwanan ɗalibai a Jigawa, su ne dai ake kai wa lambar da masu garkuwa da mutane ke kira da ita suna cinikin kuɗin fansa. An sa mu bin layi a rana mun haɗa layukanmu da lambar NIN tun daga ƙarshen 2020, aka ce don tsaro ne. Mai tambaya yana da haƙƙin ya tambaya: me ya sa na'urar take da kaifin ido a kan mai zagin gwamna?

Kowa da sojojin bakinsa

Ga wani abu da kowa ya sani amma ba a cika faɗa ba. Manyan da ke kuka da zagi, da yawansu suna da nasu yaran da suke saya wa data da waya don su zagi abokan hamayya. A gidajen rediyon Kano mun daɗe da sanin sojojin baka, yanzu sun samu ƙanne a Facebook da TikTok. Zagin da yaron gwamnati zai yi da safe a ba shi kyautar babur, shi ne yaron adawa zai yi da yamma ya kwana a caji ofis. Kalaman iri ɗaya ne, ubangida ne ya bambanta.

Shi ya sa tafin namu yake da wauta. Gwamnati ta sauya hannu a Kano a 2023, kuma ba a daina ganin masu magana a gaban 'yan sanda da kotu ba, illa dai masu dariyar jiya su ne masu neman lauya yau. Haka abin yake a sauran jihohi, kowace jam'iyya ce ke mulki. Lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe Twitter a watan Yunin 2021, bayan kamfanin ya goge wani rubutun shugaba Buhari, na ga mutanen da suka yi ta murna suna cewa an yi maganin 'yan Kudu masu raina mana shugaba. Wata bakwai aka yi a rufe, har zuwa Janairun 2022, kuma kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa doka. Cikin waɗanda suka yi asara har da 'yan kasuwarmu masu tallar atamfa da turare da kilishi a can.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ga yadda abin ke juyawa cikin ɗan lokaci. An yi dokar laifukan intanet a 2019 da ɗauri a ciki, a 2022 zamanin Mohamed Bazoum aka cire ɗaurin a kan zagi da ɓata suna, a watan Yunin 2024 gwamnatin soja ta dawo da shi. Duk wanda ya yi murna da dokar a hannun nasa, sai ya jira ya gan ta a hannun wanda ba nasa ba. Ramin mugunta dai an ce a gina shi gajere.

Kuma wayar nan da ake son a rufe wa baki, ita ce ta ceci yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024. Wata uku suna tsare ba wanda ya ji ɗuriyarsu. Ranar 1 ga Nuwamba aka kawo su babbar kotun tarayya a Abuja, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka sa belin kowannensu naira miliyan 10. Bidiyon ne ya zaga ƙasa, mutane suka yi ca, cikin 'yan kwanaki shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Yawancinsu 'ya'yanmu ne na Kano da Kaduna. Da kowa ya ji tsoron tura wannan bidiyo, da wa zai san halin da suke ciki?

"Shi babban ba shi da mutunci ne?"

Yana da shi, yana da iyali da ke jin zafi, kuma akwai ƙaryar da in aka yi wa mutum ba ta wankuwa. Hanya a buɗe take: ya ɗauki lauya da kuɗin aljihunsa, ya shigar da ƙarar neman diyya, ya zo kotu ya tsaya a yi masa tambayoyi kamar kowa. In ƙarya aka yi masa, kotu ta sa a janye a biya shi. Abin da ya sa da yawa ba sa son wannan hanya shi ne a can za a ce a kawo takardun kwangilar, a can lauyan yaron zai tambaye shi inda ya samu gidan da ake magana a kai. Tura 'yan sanda ya fi sauƙi, kuma da kuɗinmu ake zuba musu mai.

Wannan ba baƙon tsari ba ne. Ghana ta soke dokar ɗaure mutum a kan ɓata suna tun 2001 zamanin John Kufuor, duk da cewa can ma 'yan sanda kan fake da tuhumar yaɗa labarin ƙarya. A cikin Najeriya ma jihar Legas ta cire ɓata suna daga jerin laifukanta a dokar da ta yi a 2011. Ba a ji sama ta faɗo ba.

Dokar laifukan intanet ta tarayya ce, gyaranta sai Abuja. Amma Penal Code a hannun majalisun jihohinmu take, kuma ɗan majalisar jiha ba a wata uwa duniya yake ba. Muna haɗuwa da shi a ɗaurin aure da jana'iza, mun san gidansu, mun san wanda ke riƙe masa waya. An saba a tare shi da maganar taki da kujerar Makka da kuɗin makarantar yara. A ƙara masa da wannan: ranka ya daɗe, yaushe za ku cire ɗauri a kan ɓata suna daga dokar jiharmu? Waɗanda ke cikin jam'iyya mai mulki su ya kamata su fi kowa matsa masa, tun kujerar tana hannunsu.